Masu Neman Sabuwar Fata a Wamakko

Ina da ƙane mai gyaran hoto da kwamfuta a Arkilla, cikin ƙaramar hukumar Wamakko. Ya ce ido da hanci ba sa ba shi wahala, fata ce ke hana shi barci. Fatar mutum ba launi ɗaya ba ce: goshi na ƙyalli, ƙasan ido ya fi duhu, kunci na da ɗan ja a ɓoye, ga ƙananan ƙofofin gumi ko'ina. In ka goge waɗannan, 'yar tsanar roba za ka samu. Sai dai masu hoton ba su yarda da wannan karatu ba. Na yi kwana biyu a bencin shagon, ga waɗanda na gani.

Akwai Malam Ƙara-Haske. Da sallamarsa da "Ɗan ƙara mani haske" tare suke shigowa. A ƙara, ya karkata kai, ya ce saura kaɗan. Ranar Sakkwato, wadda ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ta shekara talatin tana aiki a jikinsa, shi kuwa so yake a warware aikin cikin minti biyar. Ba ya gamsuwa sai hancinsa ya ɓace a cikin fuska, ya fito kamar wanda ya kwana yana dakon siminti a Kalambaina.

Sai Ƙawar Amarya. Amarya ba ta da baki, ita ce ke ba da oda. Ta kawo hoto mai launi uku: fuska ta sha hoda, hannu ya sha lalle, wuya kuma an manta da shi a tsakani. Fuskar ta Indiya, wuyan na Dundaye. Aikin ƙanena ya koma na alƙali, yana sulhu tsakanin haɓa da wuya, ita kuma tana tsaye tana cewa wallahi a fili ƙawarta ta fi haka fari.

Ɗan Takara ba ya zuwa da kansa, yaronsa yake aikowa da saƙo: a cire tamoji, a rage kumatu, a mayar da Alhaji baya da shekara ashirin. Abu ɗaya ne ba a taɓawa, tabon sallah. Shi ma ba a barinsa yadda yake: "Alhaji ya ce a ƙara mai duhu, yadda za a hango shi daga kan babur."

Ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya san komai, YouTube ta koya masa. Yana tsaye bayan kujera, numfashinsa a ƙeyar mai aiki, yana sanar da kowa cewa Photoshop ta fito tun 1990. Kurajen fuskarsa goma sha biyu ne, kowanne sai an yi muhawara a kansa. Da aka zo maganar kuɗi, ilimi ya ƙare: "Yallaɓai, sai an turo daga gida."

Na fi tausaya wa Mai Hoton Hunturu. An ɗauke shi fuska furu-furu, leɓe a tsage. Bai nemi fari ba, man kaɗen da ya ƙi shafawa da safe yake so kwamfuta ta shafa masa.

Da yammacin rana ta biyu wani dattijo Bagobiri ya zo karɓar hotonsa da ya bayar a faɗaɗa. Ƙanena, da hannunsa ya saba, ya riga ya goge zanen kuncin tas. Tsohon ya daɗe yana duba takardar.

"Yaro, wanga wa na?"

"Ku ne, Baba."

"A'a, ba ni ba na. Ina zanena? Wanzami ya yi shi ina jinjiri, na yi kukana na gama, kai ka share shi ba ko sallama? Maido mani abina. Tamojin ma bar shi, ba aro na yi ba."

Ƙanena ya mayar da komai, har ɗan tabon da ke gefen gira. A duk hotunan da suka fita daga shagon a kwana biyun nan, wannan kaɗai ne jikoki za su gani su ce ga Kaka.