Amaryar Bakatsine ta ƙi shiga ɗaki

Bawana Bakatsine, ga gaisuwar ubangida, wadda ake yi daga zaune. Labarinka ya riga motar kifi isowa Haɗeja. An ce mako uku ke nan ba a buga ko katin suna ɗaya a shagonka na Babbar Kasuwa ba. Ka kwantar da kwamfuta a tabarma, ka baje kayan cikinta kamar mahauci, duk angon da ya zo karɓar katin ɗaurin aure sai ka ce masa halan ya dawo jibi. Wani ma har an ɗaura, an kai amarya, katinsa na nan cikin hanjin da ka baje.

Tsohuwar nan ai na san ta. Core 2 Duo ce, irin wadda Intel ya fito da ita a 2006, ta gama bautar wani ofis a Turai kafin ta faɗo hannunka a tokunbo. Na tuna ranar da na zo wurinka, ka kunna ta, muka je muka yi alwala, muka yi la'asar, muka tsaya wajen mai fura, muka dawo muka tarar tana nan tana ƙoƙarin buɗe CorelDraw. Gobarar da ta ci kasuwarku a watan Maris na 2021, Allah ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri, ba ta iso layinku ba. Ni dai na ce ko da ta iso, wuta za ta duba tsohuwar nan ta ga babu abin ci ta wuce.

Gaskiya guda zan ba ka, kada ka saba. Da ka ce lokacin sauyi ya yi, ba ka yi ƙarya ba. Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta tun 14 ga Oktoba 2025, shi kuwa Windows 11 ba ya karɓar kowa. In Intel ne, yana son furosesa daga ƙarni na 8 zuwa sama, da wani ɗan makullin tsaro da ake kira TPM 2.0. Taka kuwa ko lissafin ƙarnin ba a fara ba aka haife ta. Har nan kana kan hanya.

Inda ka saki hanya shi ne da wani ɗan majalisarku ya ce maka ƙwaƙwalwa ce kwamfuta, a sauya ƙwaƙwalwa shi ke nan. Ka hau mota ka yi Kano, kusan kilomita 170, ka sauka titin Beirut ka ce a ba ka Core i5-8400. Zaɓin ba laifi, yarinyar 2017 ce, ƙwayoyin aiki shida gare ta, kuma tana nuna hoto da kanta. Mai shagon, bawan Allah, ya tambaye ka wane madabod gare ka. Ka gyara hula ka ce irin na kowa.

Wato ka biya sadaki ba ka auna ƙofar ɗaki ba. Mazaunin furosesar tsohuwarka allurai 775 gare shi, amaryar da ka ɗauko tana son 1151. An ce ka daɗe kana juya ta gabas da yamma, daga baya ka sa babban yatsa ka danna, kamar mai cusa goro a huhu. Su alluran nan a jikin madabod suke, sirara kamar gashin jariri, in sun lanƙwashe sai addu'a. Abin kunyar, kai fa daga garin Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi kake, malamin lissafin nan da ya yi rubutu kan hatimin lambobi ya rasu a Alƙahira a 1741. Garin da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, har su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka zo neman ilimi. Duk wannan gado, jikansu ya kasa gane 775 ba 1151 ba ce. Da hasumiyar Gobarau na da baki da ta yi salati.

Tafiya ta biyu ka koma da takarda a aljihu, ka rubuta 1151 da manyan baƙi, kana taƙama yanzu ka waye. Aka jera maka madabod iri-iri, ka tsallake duka ka nuna mafi araha, H110. Amarya ta zauna daram. Ka kira maƙwabta su zo su shaida, ka danna maɓalli, fanka ta juya, allo ya tsaya baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Sai aka ji ka kana cewa "mi ya hwaru?"

To bari ubangidanka ya faɗa maka mi ya hwaru, kuma a nan ko ni na ɗan tausaya maka, don tarkon ya kama waɗanda suka fi ka. Intel ya bar yawan alluran yadda yake amma ya sauya aikin wasunsu. Furosesa ƙarni na 6 da na 7 suna tafiya da madabod jerin 100 da 200, su H110 da B250. Ƙarni na 8 da na 9 sai jerin 300, su H310 da B360. Ƙofa iri ɗaya, makulli daban. Da ka buɗe waya ka rubuta lambar madabod ɗin, shafin kamfanin da ya ƙera shi zai jero maka duk furosesar da yake ɗauka, kyauta. Amma datarka ta kallon barkwanci ce.

Tafiya ta uku ta kawo H310, sai dangin amarya suka fara shigowa da nasu sharuɗɗan. Ram ɗinka DDR2 ne, sabon ɗaki DDR4 yake so, tsagar da ke gindinsu ma ba wuri ɗaya take ba. Yaron shagonka ya rantse min har magagari ka aika a aro wajen maƙera don ka faɗaɗa tsagar, shi ya riƙe maka hannu. Daga nan sai akwatin. Da yawa daga kwamfutocin ofis na HP da Dell, musamman ƙananan, kamfanin kan yanka musu madabod da filogin wuta na kansu, na kasuwa ba ya zama a ciki. Ka sayi sabon akwati, ka sayi sabuwar tukunyar wuta. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da fanka don zafi ya fita kuwa, da aka faɗa maka kuɗinsa ka ce ai akwai man goge baki a gida. Kwana biyu zai yi ya bushe ya zama alli, amma na yarda kwamfutarka za ta fi ta kowa ƙamshin baki a Katsina.

Yanzu zauna mu yi lissafi, tunda kai ba ka gada ba. Furosesa ɗaya, madabod biyu, ram, akwati, tukunyar wuta, kuɗin mota Kano sau uku zuwa da dawowa, da shinkafa da wake a tasha. Duk kayan nan da dala ake shigo da su, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023, ta haura 1,500 a 2024. Abin da ya rage na tsohuwa a cikin sabuwa shi ne igiyar wuta da kai. Kuɗin da ka zubar da ya saya maka cikakkiyar tokunbo ƙarni na 8, a ɗaure, ka kawo ka jona ka ci gaba da buga kati.

Da ka tambaye ni, da na ce ka fara da SSD. A tsohuwar kwamfuta, faifan ajiya mai juyawa shi ne jakin da ke jan ayari baya, kuma sauya shi ya fi komai araha. Ba zai kai ka Windows 11 ba, amma da ya ba ka sararin tara kuɗi a natse. In an tashi babban sauyi kuma, furosesa da madabod da ram tare ake sayensu kamar lefe, a haɗa a kunna a gabanka, ka ga hoto a allo kafin ka zaro kuɗi. Mai ƙaramin ƙarfi ma ya leƙa wajen AMD. Mazauninsu na AM4 ya ɗauki Ryzen tun na 2017 har zuwa jerin 5000, madabod B450 ɗaya sai a sabunta masa BIOS ya karɓi sabuwar furosesa ba a rushe ɗaki ba. Sai dai a kula da harafin ƙarshe. Ryzen 5 5600G yana nuna hoto da kansa, 5600 marar G sai an saya masa katin hoto daban. A wajen Intel kuma mai F a wutsiya shi ne makahon. Na faɗa maka wannan ne don na san tafiya ta huɗu na nan tafe.

Na san abin da za ka ce, wai me ɗan su ya sani ban da tarwaɗa. Na karɓa. Amma mu ko gora za mu shiga ruwa da ita sai mun ƙwanƙwasa mun ji ba ta fashe ba. In Allah ya sa amarya ta yi magana, ka saya mata sitabilaiza kafin wutar kasuwa ta yi mata wankan farko, ka kuma riƙa busa mata ƙura, don hunturun garinku ko mutum toshe shi yake yi balle fanka.

Kuɗin shararka na watan Cika-ciki zan aiko maka da wuri bana, ka cika ka sayi man shafawar gaske. H110 ɗin nan da ke jingine bayan firinta kuma kada ka yar. Ba direban motar kifi ya taho min da shi, uwargida na neman abin fifita wuta a wajen banda.