Wasiƙa Zuwa Ga Lilon Gindin Tsamiya

Malam Lilo,
Gindin tsamiyar bayan makaranta, Kazaure.

Bayan gaisuwa da fatan igiyarka ba ta tsinke ba, na rubuto ne kan maganar haƙorina na gaba, wanda ka karɓa tun ina ɗan aji biyu, har yau ko sannu ba ka ce mini ba.

In ka manta, ni ban manta ba. Malaminmu na kimiyya ne ya ƙulle dutse cikin tsumma a bakin igiyarka, ya jawo shi har ya taɓa hancinsa, ya saki, ya tsaya ƙyam. Dutsen ya tafi, ya dawo a guje, muka ɗauki salati, sai ga shi ya tsaya saura ƙiris ya taɓa hancin, ya juya abinsa. Malam ya ce ba ka taɓa mayar wa mutum fiye da abin da ya ba ka. Da aka tashi, na ce bari in burge 'yan aji. Sai dai ni ban saki kawai ba, na ɗan tura. Ɗan turin nan ka riƙe mini amanarsa, ka dawo mini da shi cif, a baki.

Na daɗe ina ƙullace da kai kafin in gane halinka na uwar adashi ne. Wanda ya ja ka sama ya yi zubi, ƙarfinsa ya koma tsayi. Kana gangarowa tsayin yana narkewa yana zama gudu, har tsakiya, inda ka fi kusa da ƙasa, babu sauran ajiya sai gudu zalla. Wani ɗalibin Kwalejin Hussaini Adamu ya lissafa mini a bayan kwalin sigari: yaron da aka sako daga tsayin mita 1 yana ratsa wurin nan da gudun kusan kilomita 16 a awa, siriri ne ko ƙato. Daga nan gudun ya hau ɗaya ɓangaren ya sake zama tsayi. Zubi, kwasa, zubi, kwasa.

Amma kada ka yi mini fuskar waliyyi, kana yankar ladanka. Kowane zuwa da dawowa iska na karɓar kasonta, reshe na karɓar nasa. Na taɓa hawa na shafa inda igiya ke goga, na tarar ɓawon ya yi sumul, da ɗumi kamar goshin mai zazzaɓi. Ashe nan ƙarfin ke zuwa, bai ɓace ba, zafi ya zama. Shi ya sa in an bar ka sai ka yi ta raguwa har ka tsaya. Yaran da ke durƙusawa a can sama su miƙe a tsakiya, tuwon daren jiya suke zuba maka ba su sani ba.

Na ji labarin danginka na Turai. An ce Galileo ya zura wa wata fitila ido tana lilo a cocin Pisa, yana auna ta da bugun jijiyar hannunsa, ya lura tsawon igiya ne ke yanke lokaci: mai mita 1 tana zuwa ta dawo cikin daƙiƙa 2, ko kusa da haka. A 1656 Huygens na ƙasar Holan ya sa ɗan'uwanka cikin agogo. Su an yi musu akwatin katako da gilashi, kai kana nan da tsohuwar igiyar guga. Kada abin ya dame ka. Agogon bangon kakana ma sai an murɗa masa makulli, in ba haka ba ya yi shiru kamar kowa.

Diyya dai na yafe, tunda ni na tura. Roƙona ɗaya ne. Ranar Sallah zan kawo jikana, kuma duk gidan an ce halina ya ɗauko. Na ba shi labarin dutsen, na ga idonsa ya yi ƙyalli. Idan ya tura, don Allah ka ɗan yi mantuwa.

Naka,
Mai giɓi.