Zuwa Ga Kafin Alƙalamina, Duk Inda Kake

Ina fatan kana nan lafiya a asusun dilan motocin da na damƙa ka a hannunsa. Mu ma lafiya lau, sai dai kewarka.

Ka tuna yadda muka rabu a farkon 2023. Alhaji dilan ya nuna min motar a waya, fara sol, mai silinda shida, tana wani filin gwanjo a Amurka, ya ce saura kawai ta hau jirgin ruwa zuwa tashar Tin Can. Can ƙasan rasit, da baƙaƙen da sai an sa tabarau, aka rubuta cewa in na fasa, kai ba ka dawowa. Wa ke zancen fasawa a lokacin? Litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, dala kuma tana wajen 750 a kasuwar canji ta Wapa.

Sauran labarin ka ji shi ko daga cikin banki. Ranar 29 ga Mayu Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. A watan Yuni Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura 1,500. Kwastan kuwa da farashin dala suke lissafin kuɗin fito. Cikon da ake jira daga gare ni ya kumbura, motar ma ko kyauta aka ba ni sai na yi shawara da aljihu kafin in tayar da ita.

Saboda kai har wajen Malam na je. Ya buɗe Muwaɗɗa ya nuna min cewa Imam Malik bai yarda da irin wannan ciniki ba, wanda ake kira bai'ul urbun, don cin dukiyar mutum ne ba a bakin komai ba. Na garzaya wa Alhaji da albishir. Ya saurare ni tsaf, ya gyara hula, ya ce ai Imam Ahmad bin Hambal ya halatta. Mutumin da tun muna yara sakin hannu yake yi a salla, ranar nan ya wayi gari Bahambale!

Abin da ya fi ci min rai shi ne halinka. Ka bar gidana, amma kullum dare kana raɗa min cewa in turo 'yan'uwanka su biyo ka, wai don kada ka tafi a banza. Uwargida ta ce in yi maka Fatiha kawai. Abokan majalisa sun ce in ci bashi in ƙarasa, su da ba za su zuba wa motar ko lita ɗaya ba.

Don Allah in ka samu hanya ka dawo, ko da rabinka ne, ba zan tambaye ka inda ka kwana ba. In kuwa Alhaji ya riga ya mai da kai siminti, to ka gaida min ginin.

Naka,
Tsohon maigidanka, daga kujerar bayan A Daidaita Sahu