Yadda Za Ka Ajiye Kan Mutum a Tebur Ya Yi Magana

Idan kasuwa ta ƙi, takardar ɗaukar aiki kuma ta ƙi fitowa, ga wata sana'a da aka ci abinci da ita a Ingila tun 1865. A watan Oktoba na shekarar, a zauren wasa na Egyptian Hall da ke titin Piccadilly a Landan a wancan lokaci, wani ɗan dabo mai suna Kanar Stodare ya fito riƙe da ɗan akwati. Ya ɗora shi a kan tebur mai ƙafa uku, ba mayafi, kowa na hango labulen baya ta ƙarƙashinsa. Da ya buɗe ƙofar akwatin sai ga kan mutum cikin adon Misirawan dā, babu gangar jiki. Kan ya buɗe ido, ya yi murmushi, ya karanto baitoci. Wasan, wanda aka sa wa suna Sphinx, ya yi tashen da har Sarauniya Victoria ta kalle shi a fadar Windsor. Ga yadda kai ma za ka yi.

1. Fara da suna. Muƙamin kanar ɗin nan Stodare ne ya ba kansa, ba soja ba. Kai ma kada ka yi ƙasa da Farfesa. Ba mai biyan kuɗin ƙofa don ya kalli Malam Wane.

2. Nemi kafinta mai riƙon amana. Ba aljani ko ɗaya a cikin wannan aiki. Thomas Tobin, wanda ya ƙago dabarar, madubi biyu kawai ya sa tsakanin ƙafafun teburin, suka haɗu a jikin ƙafa ɗaya, kowanne ya karkace da digiri 45. Madubin dama na nuna labulen dama, na hagu na nuna na hagu, mai kallo kuwa ya rantse labulen baya yake gani. A bayan maduban mutum yake durƙushe. Saman tebur da gindin akwati kowanne da 'yar ƙofa, ta nan yake cuso kansa.

3. Labule uku, yadi ɗaya. Na baya da na gefe biyu dole launinsu da nisansu daga tebur su zo daidai, shimfiɗar ƙasa ma haka. Idan uwargida ta ara maka atamfa mai tsuntsaye ka rataya a hagu, ka sa leshi a dama, to ka shirya bayanin yadda tsuntsu ya shiga ƙarƙashin tebur.

4. Zaɓi yaronka da kyau. Ana son siriri, mai haƙuri, wanda ƙafarsa ba ta saurin yin minjirya, kuma wanda ba ya dariya idan ya hango abokinsa a sahun gaba. Ranar wasa kada ya ci yaji, kada ya zo da mura. Kan da ya shekara dubu uku a kabarin Fir'auna ba ya atishawa, in ma ya yi ba ya cewa Alhamdu lillahi har 'yan kallo su amsa masa. Ka kuma hana shi yin numfashi a jikin madubi ko jingina da shi, don madubin da ya motsa, labule ne zai yi rawa ba iska.

5. Goge madubi. Ka goge da safe, ka sake gogewa kafin a buɗe ƙofa. Shatin yatsa guda zai tsaya a sarari ƙarƙashin tebur, ba abin da ke riƙe da shi. Duk sihirinka tsumma ɗaya ne ke ɗauke da shi, sai dai wannan ba maganar da za ka faɗa wa ɗan jarida ba ce.

6. Koyi tafiya. Ta gaba ake zuwa wurin tebur, ta gaba ake barinsa. In ka bi ta baya, ƙafafunka za su ɓace daga gwiwa zuwa ƙasa. In ka bi ta gefe, za a ga takalminka a inda ba ka taka ba. Duka biyun abin mamaki ne, amma ba shi aka biya kuɗi a gani ba. Ka zana wa kanka iyaka da alli, ka yi ta gwaji, ba a fafe gora ranar tafiya.

7. San maƙiyinka. Ba malami ba ne, ba ɗan boko ba ne. Yaron nan ne na sahun gaba mai ƙullin gyaɗa a aljihu. Ƙwaya ɗaya zai jefa ƙarƙashin tebur, ta bugi "iska" ta ce ƙwas, ta dawo. Ja igiya, ka nesanta kowa, ka ce kan ba ya son warin mutane. Wanda ya nemi zagayawa baya kuwa, ka tambaye shi ko ya yi sallama da iyalinsa.

8. Rufe da toka. Stodare kan rufe akwatin, ya ɗauko shi zuwa gaban jama'a, ya buɗe, sai ga tarin toka a inda kan yake. Wannan kaɗai ne kayan aikin da murhun gidanku zai ba ka kyauta. Sai ka rusuna, a yi ta tafi, alhali wanda ya yi aikin yana can ƙasa yana murza wuyansa.

9. Biya yaron a daren. Kada ka ce sai an lissafa, kada ka ce sai Juma'a. Madubi ba ya tona asiri, kafinta ya karɓi nasa ya tafi, saura mutum ɗaya da ya san komai, kuma kai da kanka ka koya masa magana a gaban taro. Kan da ya yi jawabi a kan teburinka zai iya yin wanda ya fi shi a teburin mai shayi. Baki shi ke yanka wuya, a wannan sana'a kuwa bakin nasa ne, wuyan naka.