Agololin Oktoba

A ƙarshen Satumba, bayan kowace ƙungiyar besbol ta buga wasanninta 162, sai a ware 12 daga cikin 30 su wuce, sauran 18 a ce musu Allah ya kai mu baɗi. Da hankali ake bi, da mai goyon bayan waɗanda aka sallama ya kashe talabijin, ya rataye hularsa, ya je ya duba ko 'ya'yansa sun ƙara tsawo tun Afrilu. Ba mai yin haka. Kowa sai ya nemi gidan da zai raɓa har a gama World Series, ya zama agola na wata guda, yana ci yana kallon fuskar masu gida.

Ni ɗan Mets ne mai zama a Bronx, unguwar da jirgin ƙasa mai lamba 4 ke ratsawa ta gefen filin Yankees, don haka na san dawan garin. Rabon Mets da kofi tun 1986. A 2025 ma, ga Juan Soto a hannu da kwantiraginsa na dala miliyan 765, sai da suka ja mu har ranar ƙarshe sannan suka zube. Majalisarmu a bayan shagon wani ɗan'uwa take, tsakanin buhunan gari da jarkokin manja, akwai 'yan zangon Kumasi da na Nima, akwai mutanen Kano da Damagaram, rabinmu direbobin tasi. A nan nake nazarin yadda mutane ke zaɓen gidan raɓawa.

Mafi sauƙi shi ne sabon zuwa. Tambayarsa ɗaya ce: "Kawu, a cikinsu wace ce Real Madrid?" A nuna masa Yankees mai kofi 27, shi ke nan ya samu gida. In ya zauna ya huta sai ya tambayi wa za a tura rukunin ƙasa bana. A ce masa nan ba a yin haka, White Sox ta sha kashi sau 121 a 2024 kuma tana nan daram, sai ya riƙe baki ya ce lalle Amurka ƙasar rahama ce.

Hajiya mai kawo mana waina da launi take zaɓe. Padres ta ɗauka, saboda ruwan ƙasa da ɗorawa sun hau da wani leshinta. Ban ga inda hanyarta ta gaza ta sauran ba.

Mai askin unguwarmu ɗan Dominika ne, kuma shi ba ruwansa da ƙungiya, ɗan ƙasarsu yake bi. Da yake da wuya ka sami ƙungiyar da ba su a ciki, bai taɓa yin asara ba. A World Series ta 2025 yana da Teoscar Hernández a Dodgers, yana da Vladimir Guerrero ƙarami a Toronto, wanda a Kanada aka haifa amma mai aski ya ce jini ba ya ƙarya. Shawarata kawai, kada ka zauna a kujerarsa lokacin da ɗayansu ke riƙe da gora, don aska na wuyanka, idonsa na bango.

Sai ɗan wajen yayata, wanda Allah ya jarrabe ni da shi. Ya yi digiri a kan kwamfuta, ya kalli fim ɗin Moneyball yana yaro, daga nan bai ƙara kallon wasa da ido ba. Shi ba ya zaɓen ƙungiya sai ya yi bincike. Zai shigo da kwamfutarsa ya ɗora a kan buhun shinkafa, ya buɗe wani jadawali mai launi uku, ya gyara tabarau ya ce, "Kawu, ka fara cire son zuciya tukuna." To in na cire son zuciya me ya rage? Son zuciyar nan ne ya hana ni barci wata shida. Ka ce masa ɗan wasa kaza jarumi ne, ba ya tsoron taro, sai ya dube ka da tausayi ya jero maka haruffa, WAR, OPS, da wata wai ita FIP, ya rufe da cewa jarumta ba ta aunuwa, abin da ba ya aunuwa kuwa babu shi.

A 2022 ya zo mana da albishir: Dodgers ce, wasa 111 ta ci, magana ta ƙare. Padres ta Hajiya, mai 89, ta kore ta cikin wasa huɗu. Na ɗauka zai yi kwana biyu bai leƙo ba. Washegari sai ga shi da fara'arsa, wai ai dama wasa biyar ba ya isa a gane wanda ya fi, lissafi na nan daidai, wasan ne ya kauce. A 2023 ya rungumi Atlanta mai 104, Phillies ta sallame ta, Arizona mai 84 kuma ta lallaɓa har World Series. A ranar ya sanar da mu cewa wasannin Oktoba duk sa'a ce. Na ce, "Ɗana, in sa'a ce, mako ukun da ka yi kana cika jadawali fa?" Ya ce ai sai da jadawalin ake gane cewa sa'a ce.

Kallon wasa kusa da shi wani aiki ne. Ƙwallo ta tashi sama, majalisa ta miƙe tsaye, wani ya zubar da shayi, shi kansa na sunkuye yana jiran waya ta gaya masa da wane gudu ta bar gora. In ɗan wasa ya narka ta da ƙarfi ta faɗa hannun abokin hamayya, kowa na salati, shi sai ya gyaɗa kai ya ce bugun ya yi kyau, sakamakon ne kawai. A zagaye na bakwai zai juyo da allo ya nuna maka wani layi da ya karkata, ya ce wasa ya ƙare, kowa na iya tafiya gida. In layin ya juya a zagaye na takwas, shi ma ya juya, amma kada ka kuskura ka ce ya sauya sheƙa, ya sabunta bayanai ne. Na taɓa tuna masa cewa Oakland ta Billy Beane, mai gayya mai aiki a fim ɗin Moneyball, ba ta taɓa kaiwa World Series ba. Ya yi murmushin da likita ke yi wa wanda ya zo da maganin gargajiya a aljihu. Duk da haka kujera mafi kyau muke ba shi, don shi kaɗai ya san yadda ake sa wasan ya fito a talabijin ɗin shagon, kuma shi ke biyan kuɗin tashar.

Malam mai gadin dare kuwa tausayi ne ke zaɓa masa. Tambayarsa kullum: wa ya fi daɗewa bai ci ba? A 2004 yana tare da Boston, mai shekara 86 tana jira. Shekarar 2016 ta fi ba shi wahala, don masu neman taimako biyu ne suka haɗu a ƙarshe, Cubs ta Shikago mai shekara 108 da Cleveland da rabonta da kofi tun 1948. Ya bi wanda ya fi buƙata. Daren da Cubs ta ci ya yi hawaye, da safe ya tattara ya koma Cleveland, ya ce waɗancan Allah ya rufa musu asiri, ba sa buƙatarsa kuma. Babbar masoyiyarsa Seattle ce, wadda tun kafa ta a 1977 ba ta taɓa taka World Series ba. A 2025 saura wasa ɗaya ta shiga, Toronto ta tare ƙofa a wasa na bakwai. Ya yi ta girgiza kai yana "Allah sarki, bayin Allah," amma na lura da wata natsuwa a fuskarsa. Da sun ci, da Malam ya rasa aikin yi.

Akwai mai tsoron Allah, wanda ba ya goyon kowa sai ya binciki tarihinsa. Har gobe in Astros ta fito sai ya buga ƙafa a jikin kwandon shara, don tuna musu satar alamun 2017. Akwai kuma wanda wayarsa kullum a kife take a cinya, yana murna a wurin da ba na murna ba, yana neman wasa ya ƙare da maki sama da takwas ko wa ya ci. A hukumance majalisa ba ta san abin da yake yi ba.

Wani nau'in ƙiyayya ce ke masa jagora. Ba ya tambayar wa zai ci, tambayarsa wa ke karawa da Yankees. Na san wani da a Oktoban 2024 ya zama ɗan Kansas City na mako guda, har ya haddace sunayen masu jifansu, da aka fitar da su ya koma Cleveland ya zauna kusa da Malam, da ita ma ta faɗi ya runtse ido ya kama Dodgers, wadda ita ce ta kori Mets ɗinsa. Lokacin da Freddie Freeman ya buga ta waje da mutum uku a kan tasha a zagaye na goma na wasan farko na World Series, mutumin nan sai da ya rufe taga kafin ya yi ihu, saboda maƙwabta. Ba zan faɗi sunansa ba. Matarsa dai, wadda muke gida ɗaya da ita, har yau tana maganar fitilar falo da ta fashe a daren.

Duk waɗannan zan zauna da su har tsufa. Wanda ba na iya haɗiyewa shi ne ɗan bi-yarima-a-sha-kiɗa. Daga Afrilu zuwa Satumba ba ka ganinsa, bai san wa ya ji rauni ba, bai san wa aka sayar ba. Oktoba na kamawa sai ga shi da sabuwar hula, takardar shago na manne a bakinta, yana cewa "mu". Wannan ma da sauƙi, kowa na son daɗi. Abin da ke ci mini rai shi ne bai tsaya ga murna ba, sai ya taka wanda ya faɗi.

Akwai wani dattijo a majalisarmu da ke bin Yankees tun zamanin Don Mattingly, shekarun da ba a cin komai. A rediyon tasi yake jin wasanni, yana jiran fasinja a filin jirgi, ya san wanda ke jifa jibi. Daren 30 ga Oktoban 2024 Yankees na gaba da 5 da babu, ɗan bi-yarima na sanye da hularsu yana buga kafaɗar kowa, "Mun gama da su!" Sai zagaye na biyar ya zo: ƙwallo ta suɓuce wa Aaron Judge, aka yi mummunan jifa zuwa tasha ta uku, Gerrit Cole bai rufe ta farko ba, Dodgers ta rama biyar ɗin duka, ta ƙare da 7 da 6. Dattijon bai ce uffan ba. Yana zaune da kofin shayi da ya huce, yana juya makullin mota a yatsa. Sai wannan taliki, wanda hularsa ta riga ta shige aljihu, ya sunkuyo ya ce, "Baba, ina 'yan wasanku? Ai na faɗa muku ba za su iya ba." Ni da na kwana biyar ina roƙon wannan faɗuwa, sai da mai shago ya riƙe mini hannu. Ƙiyayyata ta shekara da shekaru ce, na biya kuɗinta da rashin barci, kuma ko ni ban buɗe baki a gaban Baba ba. Shi da me ya biya?

Ya dawo a 2025, ba kunya ba tsoron Allah, ya zauna a kujerar gaba ranar wasa na bakwai na World Series. Toronto na gaba da 4 da 3 a zagaye na tara, yana ta ba mu labarin wani ɗan'uwansa da ke Kanada, da yadda tun farko jikinsa ya ba shi. Miguel Rojas na Dodgers ya buga ta waje, aka yi kunnen doki. Ya yi shiru, ya sa hannu a ka. Sa'arsa ɗaya, hulunan ƙungiyoyin biyu duka shuɗaye ne, sai kawai ya juya tasa, tsuntsun ya koma ƙeya. Da Will Smith ya raba gardama a zagaye na 11, shi ya fara miƙewa, yana tambayar ɗan yayata yadda ake furta sunan Yamamoto, mai jifan Dodgers.