Lodin Wasa a Gidajen Gem na Unguwa Uku

A gidajen gem na Unguwa Uku da Gyaɗi-Gyaɗi, inda ƙura da hannun yara suka daɗe da gama da faifai, na'urar PlayStation 2 takan ɗauko wasanninta ne daga had-dis, wato ma'ajiyar bayanai da ake jonawa ta kafar USB, wadda aka zuba wa kwafin faifai sukutum da ake kira ISO. Sai dai tsarin FAT32 na shekarar 1996, wanda da shi aka saba tsara ma'ajiyar, ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4, alhali faifan DVD yana ɗaukar 4.7, don haka ma'ajiya mai terabait guda takan rantse cewa kayan sun fi ƙarfinta. Maganin irin na 'yan kamashon tashar Unguwa Uku ne idan buhu ya ƙi shiga but ɗin mota: manhajar USBUtil ta daddatsa wasan gigabait ɗai-ɗai, a cusa. Da yake kafar USB ɗin tsohon samfurin 1.1 ce mai nawa, bidiyon buɗe wasa yakan yi ta in'ina, lamarin da ke yi wa wanda aka zura wa uku a wasan ƙwallo na PES daɗi, domin ya samu abin ɗora wa laifi tun ba a ɗauke wuta ba.