Masu Jin Daɗi da Canjin Aljihu

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta yi tsalle daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kaza ta koma naman salla, kilishi ya zama tsarabar manya. Amma duk wanda ya ce talakan Kano ya daina jin daɗi, bai zauna bakin titi bayan la'asar ba. Daɗin yana nan, tsawonsa ne ya ragu, kuma masu jin sa kowa da salonsa.

Ga Malam Ɗanɗano. Shi ba ya sayen tsire, duba lafiyarsa yake zuwa yi. Zai tsaya gaban tukuba ya ce, "Maigida, na yau ne kuwa?" A yanko masa, ya tauna yana kallon sama, ya ce ƙuli ya yi yawa, ya matsa tukuba ta gaba. Kafin ya kai ƙarshen layi ya ci tsinke guda ba ko kwabo. Ƙanensa shi ne mai neman gyara: gyaɗar naira 100 zai saya, amma sai an yi masa gyara, sannan a yi wa gyaran gyara.

A teburin mai shayi akwai mai kofi ɗaya. Ruwan bunu ne, ba madara, amma da shi zai riƙe benci daga isha'i har dare ya raba. A kan wannan kofin zai sallami kocin Arsenal, ya naɗa gwamna, ya daidaita farashin dala. In wani ya sa a dafa masa Indomie da ƙwai biyu, shi zai gaya wa mai shayi yawan attaruhun da za a zuba. Ba a korarsa, domin in babu shi teburin ba ya cika.

Wanda ya fi ba ni dariya, ya kuma fi ba ni tausayi, shi ne Alhaji mai kunya. Babban mutum ne, da babbar riga da furfura, sahun gaba a masallaci, amma ransa na wurin kayan kwalamar yara: hanjin ligidi, gullisuwa, tuwon madara, carbin malam. Girma ya hana shi tsayawa gaban farantin 'yar talla, sai ya yafito ɗan maƙwabta. "Zo nan, yaro. Karɓo mini na 200, yara zan kai wa." Yaran nan kuwa, autansu yana hidimar ƙasa a Jos. Ledar ba ta taɓa wuce zaure ba. A majalisa shi ne kan gaba wajen kushe awara, wai waken suya ne da ruwan tsami kawai, cimar 'yan makaranta. Hajiya dai ba ta taɓa tambayar yadda yajin awara yake hawa gemunsa ba, kuma a ganina ta kyauta. Mutumin da ya aurar da 'ya'ya ya biya kuɗin makaranta shekara da shekaru, ai ya ci a bar shi da alewarsa.

A cikin gida kuma akwai uwargidan da ta gano cewa lalle shi ne hutun da ba wanda zai ba ta. Za a kwaɓa shi, a yanka salatif da reza a fitar da zane, a ɗaure hannu da ƙafa da leda. Daga nan gida ya shiga dokar ta-ɓaci. "Baban Abba, miƙo mini wayata. Abba, juya miyar nan. Ba ku ga ina da ƙunshi ba?" Lallen kowa yana kamawa kafin azahar, nata sai magariba, don wai ba ta son ya yi fari-fari.

Mai shan rake ba sai an kwatanta shi ba. Bi sawun ɓawo, za ka same shi, yana rantsuwa cewa in ba na Maƙarfi ba ne ba ya kai shi baki.

Mai ɗinkin hula ma yana nan gindin darbejiya da allurarsa da zare kala-kala. Tun azumin bara ya ɗora hular, ya ce ta babbar salla ce, sai dai bai faɗi ta wace shekara ba. Kada ka yi masa tayin saye. Zai ce ba ka san aikin hannu ba, ya warware layi biyu ya sake.

Sai Baba, wanda bai yafe wa naira zuwanta a 1973 ba. Da ka ajiye bandashe, gurasar Jakara ta sha ƙuli da man gyaɗa da albasa, zai gyara zama. "Ɗana, da taro ake cin wannan, sisi kuwa har da nama." Daga nan ya hau lissafi: sule, kwabo, ahu, ɗari, anini. Hannunsa na cikin farantin da kai ka biya, kuma ba ya yi maka tambayar da za ka daɗe kana amsawa sai ya ga saura yanka ɗaya.